Keken Baaba: a ba 'yan kondem ko a gyara?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta hana ni barci kwana biyun nan, kuma na san a nan akwai manya akwai masu sana'a shi ya sa na kawo ta. Baabanmu ya rasu bara bayan babbar salla, da yawanku kun zo addu'a, Allah ya saka da alheri. Yanzu muna gyaran gida za a fasa ɗakin bakin zaure a yi shago, to a ɗakin nan keken Baaba yake jingine tun da gwiwa ta hana shi hawa, shekara goma sha wani abu kenan. Raleigh ne baƙi irin na da, mai birkin ƙarfe, sarƙarsa a rufe ruf cikin gidanta, a goshinsa ga tambarin nan mai kan zalɓe. Tayoyi duk sun ruɓe, sirdin fata ya bushe ya tsage, rim na baya tsatsa ta ci shi saboda ruwan da ke shigo mana duk damina in rafin Aboabo na nan Kumasi ya cika. Amma jiya na danna ƙararrawar ta yi ƙara tas, irin ƙarar da muke ji tun daga bakin lungu mu san Baaba ya dawo mu ruga mu karɓi burodi, wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Yayana ya ce a ba yaran kondem masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauka a huta, har wani ya zo ya ɗaga shi ya taya sidi 80. Ni zuciyata ba ta yarda ba, amma ni ma ban san me zan yi da shi ba, ɗaki da falo nake haya da iyali. Don Allah ku ba ni shawara.

Hajiyar Asawase:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baaba ya sa ya huta. Ɗana, keken nan na san shi tun ina amarya. Akwatin katako yake ɗaurawa a kariya da robar tub, a ciki akwai zare da allura da maɓalli da kwalli da ƙananan madubai, in ya tsaya a ƙofar gida mata sai su aiko yara. Ranar kasuwa kuma har Ejisu yake zuwa da shi ya dawo kafin magariba. Da keken nan aka ciyar da ku aka sa ku makaranta. Sidi 80 ko waache na gidanku na safe ɗaya ba zai saya ba, kada ku sayar.

Mai Kondem Dagomba Line:
Hajiya ki yi haƙuri in faɗi tawa, tunda sana'ata ce. Yaron da ya ce 80 bai cuce su ba. Mu kilo muke saya ba tarihi ba, irin keken nan gaba ɗayansa bai fi kusan kilo 20 ba, a cire roba a cire fata a cire tsatsa me ya rage. Daga wajenmu lodi ake yi a kai kamfanin narka ƙarfe a Tema ko nan Kumasi ya dawo rodin gini. Ba abin kunya ba ne, da shi ake gina gidajen da kuke ciki. Amma gaskiya ni kaina in irin wannan ya faɗo hannuna ba na sa masa guduma, gefe nake ajiyewa, don akwai masu gyaran keke da ke zagayowa suna neman kayan da, cokali mai yatsu na gaba da ƙaho da feda, kuma sun fi biya a kan kilo. Ɗan uwa in za ka rabu da shi ka kai wa mai gyara ba mu ba.

Bogan Jamus:
Chale kada ka kuskura. Nan Turai irin wannan Raleigh na Ingila mutane nemansa suke ido rufe, Nottingham ɗin ma da ake ƙera su sun daina tun 2002, yanzu sunan ne kawai ya rage ana ƙerawa a wasu ƙasashe. Ka wanke ka ɗauki hoto ka sa a intanet, ko ka rataye shi a bangon sabon shagon naku ya zama ado, nan shagunan shayi haka suke yi har da tukunyar fulawa a kariya.

Ɗan Aboabo:
Boga na gode, amma in rataye keken Baaba da fulawa mutane su riƙa ɗaukar hoto, wannan kam ban iya ba. Mutumin da bai taɓa yarda mu jingina shi a rana ba.

Mastan Magazine:
Kafin kowa ya yanke hukunci a bar ni in yi tambaya, don duk wannan magana ta dogara ga abu ɗaya, bodin yana da rai ko ya mutu. Shekarata 30 da ɗoriya a Suame Magazine, da keke na fara koyon aiki kafin in koma walda. Ƙanena yi mini abu uku. Na farko ka kwantar da shi ka duba ƙarƙashin inda feda take, inda bututai suka haɗu, ka ƙwanƙwasa da sukuddireba, in ya yi ƙara ƙal-ƙal da sauransa, in ka ji ya yi ɓus ko ƙarfen yana ɓarewa kamar ɓawon albasa to ruwa ya zauna a ciki ya ci shi. Na biyu ka tsaya a gabansa ka kalli cokalin gaba ko ya lanƙwashe baya, alamar ya taɓa karo kenan. Na uku ka ce mini giya gare shi ko babu. In da wata 'yar ƙaramar sarƙa da ke fitowa daga gindin tayar baya to giya uku ne na Sturmey-Archer, ka goge tulun tsakiyar tayar da tsumma da kananzir za ka ga lamba, suna buga shekara da watan da aka ƙera shi a jiki.

Taya da sirdi da rim ba komai ba ne, duk ana canzawa. Kekunan nan ba irin na yanzu ba ne da in abu ya lalace sai a yar, komai nasu da noti da kusa aka ɗaure shi don a kwance a gyara.

Ɗan Tamale:
Ni abin da ban gane ba shi ne wai ana shawara a kan keke kamar wani kayan tarihi. Ku zo Tamale ku gani, Phoenix irin na China mai birkin ƙarfe har gobe shi ke kai buhun masara kasuwa, tsofaffi da mata da 'yan makaranta kowa a kan keke, har hanyarsu daban aka yi musu a gefen titi. A gyara shi a hau, shi kenan. Keke in ba a hawa mutuwa yake.

'Yar Sawaba:
Ɗan Tamale garinku shimfiɗe yake kamar tabarma. Kumasi hawa da sauka ne, kuma wa zai sa ɗansa a kan keke tsakanin tirotiro (bas ɗin haya) da piragiya da aboboya (masu taya uku na fasinja da na kaya) a hanyar Aboabo zuwa Kejetia da safe? Ni ɗan ƙanwata piragiya ta goge shi bara a kan keke, Allah ya kiyaye ƙafa kawai ya karye. Kuma birkin ƙarfen nan in ruwa ya sauka ba ya kamawa koraa, na hau na Baabana ina yarinya na sani. Ni shawarata a yi wani amfani da shi. Masu wasa wuƙa da tayar keke suke aiki, masu saƙa a Bonwire na ga suna naɗe zare da rim ɗin keke, ko a haɗa keken masu lalurar ƙafa da kayansa, wannan ma ai lada ne babba.

Ɗan Tamale:
Yaya, Baaban nasu da ya yi shekara da shekaru yana hawa tudun Kumasi da akwati a baya fa?

'Yar Sawaba:
Lokacinsa mota nawa ce a titi?

Malamin Allo:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mamaci. Ina karantawa tun ɗazu, kowa ya faɗi alheri, amma an tsallake tushe. Keken nan gado ne. Duk abin da mamaci ya bari ko allura ce haƙƙin magada ne gaba ɗaya, mahaifiyarku tana da ɗaya bisa takwas tunda akwai 'ya'ya, sauran ku raba namiji rabon mace biyu. Saboda haka yayanka ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai, kai ma ba ka da ikon riƙewa kai kaɗai. Hanya mai sauƙi a yi masa kuɗi, wanda yake so ya biya sauran rabonsu ko su yafe masa da bakinsu, har 'yan uwanku mata da ke gidan aure a tambaye su, kada a ce ai tsohon keke ne ba za su damu ba. In kuma kun haɗu kun bayar da shi ga ɗalibi ko wani mai neman abinci da niyyar ladan ya isa ga Baaba, to wannan ya fi rataya a bango nesa ba kusa ba. Hadisi ya tabbata cewa in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai yi masa addu'a.

Ɗan Aboabo:
Malam Allah ya ƙara ilimi, wallahi ban kawo maganar gado a raina ba. Masta na yi yadda ka ce. Akwai 'yar sarƙar, na goge da kananzir na ga 66 sannan 4 a gefe. Ƙarƙashin feda yana ƙara lafiya, amma a sandar baya ta hagu kusa da taya akwai wani tsagi siriri kamar gashi, tsawon farce.

Mastan Magazine:
Madalla, Afrilun 1966 kenan, ya girme ka ya girmi yayanka. Tsagin nan kada ka bari kowa ya sa masa waldar lantarki, zai huda bututun ya ɓata aikin. Waldar gas ake yi da sandar biras, da haka aka haɗa bodin tun asali, biras ɗin ke narkewa ya bi cikin haɗin ba ƙarfen ba. Aikin rabin awa ne. Giyar kuma akwai ƙaramin murfi a jikin tulun, nan ake ɗiga mai, ba giris ba, mai mara kauri. Yawancinsu in suka sha mai suka juya sai su farka.

Wajen taya ka kula. Nasa 28 x 1½ ne. Akwai wata taya ta kekunan gida-gida da ake shigowa da su ita ma an rubuta 28 amma rim ɗinta ya fi ƙanƙanta, ba za ta shiga ba, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Rim ma sai irin na birkin ƙarfe mai tudu a tsakiya, don birkin daga ƙasa yake jawowa ya kama cikin rim ba gefe ba. Na Phoenix ko na Indiya zai zauna.

Babban Yaya:
Salamu alaikum. Ni ne yayan da ake magana, wani ya turo mini ya ce ƙanena ya kai ni ƙara zaure. Ban ji haushi ba amma ina so a ji ta bakina, kada a ɗauka ni ban san darajar ubana ba. Ni na yi jinyarsa shekara huɗu, ni na ɗauke shi na kai banɗaki. Keken nan ni aka fara goyawa a kai, a 1983 lokacin yunwa da gobarar daji da layin man fetur, ina ɗan shekara goma, Baaba ya ɗora ni a sandar gaba muka tafi har bayan Mamponteng neman rogo, muka dawo da dare rabin buhu a kariya yana tura keken a tudu ni ina riƙe da fitila. Ni ba na buƙatar ƙarfe ya tuna mini da wannan. Abin da na gani shi ne shekara goma sha biyu keken yana jingine babu wanda ya ɗiga masa mai, har shi ƙanen nawa. Jikokin gidan suna shiga suna wasa da shi, watan jiya ɗaya ta yanke a hannu da madigad mai tsatsa sai da aka kai ta aka yi mata allurar tetanus. Shagon da za a yi kuma kuɗin hayarsa na abinci da maganin Mma mahaifiyarmu ne. Yanzu da na ce a fitar shi ne kowa ya tuna yana son keke. In yana so ya ɗauka yau, na yafe rabona, amma kada ya koma jingine a wani lungu shekara goma kuma.

Hajiyar Asawase:
Gaskiya ka faɗa ɗana, Allah ya biya ka jinyar da ka yi. Ku bi juna a hankali.

Ɗan Aboabo:
Yaya ka yi haƙuri, ba ƙara na kawo ba. Kuma maganarka gaskiya ce, ban taɓa ɗiga masa mai ba, kullum ina cewa sai na samu lokaci. Zan je wajen Mma da daddare in ji ta bakinta kamar yadda Malam ya ce.

Telan Alabar:
Kafin ka dawo bari in ba matasa labari. Ranar 4 ga Agusta 1974 lokacin Acheampong aka juya tuƙi daga hagu zuwa dama a Ghana, rediyo kullum nifa nifa wato dama dama, masu keke su suka fi shan wahala don ƙafa ta saba. Baabanku na gan shi da idona ya ɗaura jan ƙyalle a ƙahon dama don ya riƙa tunawa. Ku duba ko akwai sauran zaren a wurin.

Ɗan Aboabo:
Jama'a na dawo kuma maganar ta canza gaba ɗaya, har yanzu jikina a sanyaye yake. Na ce wa Mma ga shawarar da ake yi a kan rabon keke, sai ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce wane rabo, ai keken ba na Baabanku ba ne. Ta ce Baaba yana saurayi yaron shago ne a wajen wani Bayarabe mutumin Ogbomosho mai kayan koli a babbar kasuwa, shi ya koya masa sana'ar, kuma keken nasa ne. Da aka yi dokar korar baƙi ta zamanin Busia a ƙarshen 1969, aka ba marasa takarda sati biyu su fita, mutumin ya karyar da kayan shagonsa ya sayar, ya tattara mata da yara suka hau lori. Keken bai samu shiga ba. A tasha ya miƙa wa Baaba ya ce riƙe mini har in dawo. Bai dawo ba, ko wasiƙa ba a samu ba.

Mma ta ce ita lokacin ba a aure ta ba, daga bakin Baaba ta ji, kuma ba sau ɗaya ba. Ta ce sau biyu ana matsa masa ya sayar, har a 1983 ɗin da Yaya ya faɗa lokacin da babu abin da za a dafa wani ya taya da kuɗi mai kyau, ya ce ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Shi ya sa ba ya bari mu jingina shi a rana, shi ya sa duk Juma'a yake goge shi. Mu muna ganin son keke ne ashe amana yake riƙo. Ta ce da 'yan Ghana suka dawo daga Najeriya a shekarar nan duk wanda ya zauna ƙasar Yarabawa sai Baaba ya je ya tambaye shi ko ya ji labarin mutumin.

Baaba Tela, zaren yana nan. Ya koɗe ya zama ruwan ƙasa amma yana nan a gindin birkin dama.

'Yar Sawaba:
Innalillahi. Wallahi hawaye nake. Na janye maganar a yanka shi a yi wani abu.

Babban Yaya:
Labarin nan na san shi amma ba haka na ji ba. Ni Baaba ya gaya mini cewa a tashar ya ba maigidan nasa duk kuɗin da ya tara na aikinsa. To in ka ba mutum kuɗi ya ba ka keke ai ciniki ne. Ina ganin kunya da girmamawa ce ta sa yake cewa ba nasa ba ne.

Ɗan Aboabo:
Yaya na tambayi Mma wannan ma. Ta ce kuɗin guzuri ya ba shi saboda yara, mutumin ma ƙin karɓa ya yi sai da Baaba ya cusa wa uwargidan a hannu.

Bogan Jamus:
Amma fa jama'a shekara hamsin da wani abu. Mutumin da wuya yana raye, 'ya'yansa ma sun tsufa, kuma wa zai taso daga Najeriya saboda keke mai tsatsa? Baaba ya yi masa hidima fiye da kuɗinsa, taya nawa ya saya sarƙa nawa ya canza. Ni a ganina ya zama nasa tuntuni.

Malamin Allo:
Boga daɗewa ba ta mayar da ajiya ta zama mallaka. Yanzu na janye maganar rabon gado har sai an warware wannan. Wanda abin yake hannunsa ya faɗa da bakinsa sau da yawa cewa ba nasa ba ne, kuma aikinsa ya gaskata maganarsa tunda ya ƙi sayarwa yana cikin yunwa. Babban Yaya, abin da ka ji da abin da Mma ta ji ba su saɓa ba, ku duka kun ce an ba da kuɗi, saɓanin a niyya ne, kuma mai niyyar ya nuna tasa. Ajiya ba ta shiga gado, nauyinta ne yake sauka a kan magada. Abin da malamai suka faɗa shi ne a nemi mai ita ko magadansa iyakar iko. In an nema an rasa har an fid da rai, a yi sadaka da ita da sunan mai ita ba da sunan Baaba ba, in kuma wata rana magadansa suka bayyana a gaya musu, su zaɓa ko su bar ladan ko a biya su ƙimarta. Baaba nasa ladan na riƙon amana yana wajen Allah. Ku samu limamin unguwarku ku zauna da shi da Mma ya ji da kunnensa, irin wannan ba a gama ta a waya.

'Yar Nima:
Ina bin ku daga Accra. Neman ba zai yi wuya kamar zamanin Baaba ba. Kakata ta wajen uwa Bayarabiya ce kuma danginta da suka tafi a 1969 mun same su ta Facebook, wasu tsofaffin har yanzu suna jin Hausar zango da Twi. Mutanen Ogbomosho da yawa sun zauna Ghana, kusan kowane gida akwai wanda ya san Kumasi ko Tamale. Ku fara da sarkin Yarabawan Kumasi da dattawansu, su sun san gidaje. Kada ku sa sunan mutumin a nan, ku turo mini ta gefe in tambayi 'yan uwan kakata. Ko ba su karɓi keken ba ai ya kamata su ji cewa wani ya riƙe amanar ubansu har ya mutu.

Mai Kondem Dagomba Line:
Na gaya wa yaranmu na unguwar, in an kira su gidan nan kada wanda ya taɓa shi.

Babban Yaya:
Malam na ji kuma na karɓa. Ban taɓa kallon abin ta nan ba, da na sayar da na ɗora wa Baaba nauyi a kabari ban sani ba, Allah ya tsare. Amma sharaɗina yana nan, ba zai koma jingine ba. In amana ce a riƙe ta yadda shi ya riƙe. Taya biyu da tub a kaina.

Ɗan Tamale:
To a wannan tsakanin wa zai hau? Don in an gyara aka ajiye nan da shekara biyu taya ta sake tsagewa.

Malamin Allo:
Mai shi ya ba Baaba ya riƙe yana sane da cewa da shi zai nemi abinci, amma wannan izini na Baaba ne. Motsa shi kaɗan don kada ya lalace yana cikin kiyayewa. Bayarwa ga wani kuma a jira sakamakon nema tukuna.

Mastan Magazine:
An kawo shi jiya a aboboya. Na kankare wajen tsagin da sanfefa, bai zagaye bututun ba, na cika shi da biras ya zauna daram. Na ciro sandar sirdi na leƙa ciki da tocila, tsatsar sama-sama ce, na zuba mai na juya. Kotafin na fedar hagu ya cinye shi ya sa take ƙwal-ƙwal, na buga sabo. Boris na gaba duk na canza na cika da giris. Giyar ta sha mai tun dare, da safe na juya ta ɗaya biyu uku duk suna shiga, kana jin tik-tik ɗin nan nata. Da na buɗe gidan sarƙa sai na ga sarƙar baƙi ƙirin da tsohon mai ko ɗigon tsatsa babu, yarana na shago duk suka taru suna kallo, na ce musu ku ga aikin mutumin da ya san abin da aka ba shi. Fenti ban taɓa ba kuma ba na ba da shawarar a taɓa, a goge da mai kawai, siririn layin zinariyar nan na jikin bodi in aka shafe shi ba mai iya mayarwa. Zaren ƙahon dama na bar shi inda yake. Kuɗin aikina na yafe. Sirdi akwai mai ɗinkin fata a Alabar zai iya ja masa sabuwa a kan ƙarfen. Abin da ya rage rim na baya, na zagaya Magazine da Alabar wanda na samu sabo ne mai laushi ban yarda da shi ba.

Ɗan Aboabo:
Masta Allah ya saka, Allah ya raya zuri'a. Mun zauna da liman shekaranjiya da Mma da Yaya da 'yan uwanmu mata, kowa ya amince. Ranar Lahadi ni da Yaya za mu je wajen dattawan Yarabawa, Mma ta tuna sunan mutumin da na uwargidansa da na babban ɗansu, 'Yar Nima na tura miki. Keken zai zauna a falona, matata ta matsar da kabad, zan riƙa zuwa masallacin asuba da shi lokacin titi babu kowa.

Ɗan Tamale, rim ɗin nan ko za a samu tsoho mai kyau a wajenku, mai rami 40 Masta ya ce.

Ɗan Tamale:
Akwai wani dattijo mai gyara kusa da kasuwar Aboabo tamu ta nan, ɗakinsa cike yake da su. Gobe zan je in ƙirga ramin da kaina, in na samu zan ba direban motar dare, ka tare shi a tasha da asuba.